Wai Zanen Fure Ɓarnar Fenti Ne?

Jama'a, na gaji da masu cewa zanen fure da gine-gine aikin banza ne, wai kyamara ta wadatar. Ai a zamanin Claude Monet, Bafaranshen nan, akwai kyamara. Amma daga 1892 ya tasa babbar majami'ar Rouen a gaba, ya zana ta da fentin mai kusan sau 30: da sassafe, da rana tsaka, cikin hazo. Ginin bai motsa ba, haske ne ke sauyawa, shi yake farauta. Badon lambunsa kuwa, wajen zane 250 ya yi masa, yanar ido ma ba ta sa ya ajiye buroshi ba. To mu da kowace jarumarmu "fara ce doguwa mai dara-daran idanu", mu ne za mu raina shi?