Masu Shirin Barin Ankara Zuwa Garuruwan Bakin Teku, A Fara Duba Hanyar Da Kaya Ke Bi

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan zaman Ankara, wato Accra babban birnin ƙasar Gana, ya fara gagarar ƙaramin ɗan kasuwa. A Nima da Mamobi ɗaki guda ake cusa iyali, a Madina kuwa, wadda a da ake gudowa cikinta don neman sarari, yau sai mai gida ya nemi kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule kafin ya miƙa makulli, alhali dokar haya ta 1963 wata shida kawai ta yarda a karɓa gaba. Ga ambaliya kusan duk damina, kuma babu mai manta daren 3 ga Yunin 2015 da ruwa da wuta suka haɗu a wani gidan mai da ke Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. A Yulin 2021 an tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka tura su Adjen Kotoku a kan hanyar Nsawam, sannan a farkon Janairun 2025 gobara ta cinye kasuwar gwanjo ta Kantamanto. Don haka ba mu yi mamaki ba da muka ji zancen ƙaura yana yawo a majalisu da ƙofar masallatai, wannan ya ce Winneba, wancan ya ce Cape Coast, wani kuma ya ce shi Aflao zai nufa ya zauna a bakin iyakar Togo.

Mu dai ba mu ga laifin ƙaura ba, domin da ita aka kafa mu. Malam Bako ya fitar da jama'arsa daga tsakiyar gari ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ita kanta Madina a 1959 Alhaji Seidu Kardo da mutanensa suka sare ta bayan an tashe su daga kusa da filin jirgin sama. Sunan Kasoa ma kalmarmu ce ta kasuwa, bakin wasu ya lanƙwasa ta. Abin da ke ba mu tsoro shi ne irin lissafin da muke jin ana yi: haya da arha, iska mai daɗi, kifi ɗanye. Kakanninmu da suka biyo goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ba su taɓa sauke kaya a gari don daɗin iskarsa ba, kuma da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, sai suka bi ciniki zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi, suka bar gidajensu a tsaye.

Duk mai son sanin halin garuruwan bakin tekun Gana, to ya riƙe shekarar 1962. Kafin nan jiragen ruwa na tsayawa can cikin teku daura da Keta da Winneba da Cape Coast, 'yan kwale-kwale su yi ta jigilar kaya zuwa gaɓa, kuma a kan wannan jigila manyan sito da kantuna da zanguna suka tsaya. An buɗe tashar Takoradi a 1928, aka buɗe ta Tema a 1962, daga nan aka daina sauke kaya a ƙananan garuruwan. Arhar hayar da ake kwaɗaita mana a yau ragowar wannan mutuwar kasuwa ce.

Me ya rage musu? Su da makarantu. Cape Coast, wadda ita ce hedikwatar Turawan mulki har zuwa 1877, tana da jami'a da manyan makarantun sakandare da 'yan yawon buɗe ido, don haka da ɗalibai sun tafi hutu ciniki ya bi su. Kuɗin masunta kuwa na lokaci ne, yawanci daga Yuli zuwa Satumba, ga shi kifin ya ja baya har ta kai daga 2021 zuwa 2024 gwamnati na hana 'yan kwale-kwale fita duk watan Yuli, kafin a ɗauke musu hanin a 2025. Mai sayar da atamfa ko shinkafa bashi ga matan masunta ya san abin da wata guda babu kamu yake nufi ga littafinsa. Winneba ba ta wuce kimanin kilomita 60 daga Ankara ba, wanda hakan na nufin mutum bai bar Ankara ba, a can zai ci gaba da saro kaya, sai dai ya ƙara wa kansa kuɗin mota da cunkoson Kasoa. Ga dattijon da ya miƙa wa 'ya'ya rumfa yana son wurin hutawa da karatun jikoki, ba laifi.

Sekondi da Takoradi ba ma sa su a lissafin ƙananan garuruwa, balle masu arha. Tun da aka gano man fetur a teku a 2007 aka fara haƙo shi a Disamban 2010, masu gidaje suka ɗaga haya. A 2021 an kwashe 'yan kasuwar Market Circle zuwa wurin wucin gadi don a gina sabuwa, sai aikin ya tsaya bayan Gana ta dakatar da biyan bashin waje a Disamban 2022. Baƙon da ya je neman rumfa a irin wannan yanayi, a bayan layi zai tsaya.

Inda magana take, ga mu 'yan kasuwar iyaka, shi ne gabas: Aflao da Denu, kimanin kilomita 190 daga Ankara. Nan kam kaya na bi. Aflao manne take da Lome, mutum na iya yin sallar asuba a Gana ya isa babbar kasuwar Lome kafin a gama buɗe rumfuna, kuma hanyar da ta haɗa Abidjan da Ankara da Kwatano da Ikko ta tsakiyarta ta ratsa. Tarihin wurin ma na 'yan kasuwa ne. Da Ingila ta karɓe Keta a 1874 ta sa kuɗin kwastan mai nauyi, sai fatake suka matsa zuwa Denu da Aflao, da ta haɗiye waɗannan a 1879 sai suka ƙara matsawa gaba kaɗan, kuma daga wannan matsawar Lome ta zama gari. Ke nan iyakar ce ta haifi arzikin yankin, ita ce kuma ke riƙe da wuyansa.

Idan mai karatu bai manta ba, a Maris 2020 Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai ƙarshen Maris 2022. Shekara biyu cur. 'Yan canji da 'yan dako da masu abinci da direbobin Aflao sun sha wuyar da mutanen Nima ba su sha ba, saboda a Ankara ko an rufe iyaka akwai miliyoyin bakunan da za su ci. Kafin nan Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, motoci suka yi ta jibgewa a hanya. Sai kuma batun kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, sidi kuwa yawo yake yi: a 2022 ya faɗi warwas har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, a 2025 kuma ya farfaɗo ya bar waɗanda suka ɓoye kuɗin waje suna cizon yatsa. Mai saye da sefa ya sayar da sidi, rabin ribarsa a hannun ɗan canji take.

Wasu na cewa tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 kayan Nijar suka koma tashar Lome, don haka Aflao za ta amfana. A yi hattara. Kwantenar da za ta Yamai ko Maraɗi arewa take yi ta Cinkassé ta shiga Burkina Faso, ba ta ko leƙa Aflao. Bugu da ƙari, a Oktoban 2018 shugabannin Gana da Togo sun ƙaddamar da tashar iyaka ta haɗin gwiwa a Noepe da Akanu, can arewa da Aflao, da nufin manyan motoci su riƙa kauce wa tsakiyar Lome. Duk ranar da wannan hanya ta kankama sosai, abin da Tema ta yi wa Keta na iya samun wani sashe na cinikin Aflao.

Sannan ga tekun kanta, wadda ɗan Kano ko Maraɗi bai san halinta ba. Ta cinye tituna da gidajen tsohuwar Keta, har ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a 1784 ta ɓalle mata gefe. An kammala aikin kare gaɓar Keta a 2004, sai zaizayar ta matsa gabas. A Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta shiga Agavedzi da Salakope da Amutinu ta raba dubban mutane da gidajensu, ta kuma komo a 2025. Duk fulotin da aka yi maka tayinsa da arha tsakanin teku da tafki a wannan yanki, ka tambayi inda gidan maƙwabcin mai shi yake shekara goma da suka wuce.

Kada kuma a manta da takarda. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili ba sai haya, ita ma kada ta wuce shekara 50. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa cinikin cikin kasuwa, da ita aka kafa hujja aka kulle shagunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A Nima da Madina yawanmu da sarakunanmu da limamanmu garkuwa ne, a ƙaramin gari kowa ya san baƙo, kuma dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta Nuwamban 1969 ba.

Ra'ayinmu shi ne, wanda sana'arsa ta iyaka ce ya dubi gabas, amma kada ya sayar da rumfa ko ɗakin gado na Ankara don ya yi gini a can. Ya kama haya, ya tura ɗa ko ƙane ya yi shekara guda ya ga damina da lokacin tashin teku, ya gaida Sarkin Zango, ya kai takardar duk filin da aka nuna masa ofishin hukumar filaye a Ho a bincika kafin kobo ya fita. In kuwa sito zai gina, to ya ja baya daga gaɓa zuwa wajen Akatsi, inda hanyar Aflao da ta Dzodze zuwa Akanu suka rabu.