An Rufe Silima, Wa Ya Tambayi Mai Shayi?

Duk sa'ad da aka rufe gidan silima a garin nan, mutum biyu ne ke cika mana kunne. Akwai mai hamdala, wai an rage matattarar 'yan iska. Akwai kuma tsohon ɗan kallo da zai baje a majalisa yana ba yara labarin daren da ya haura katanga don ya ga jarumin Indiya Dharmendra. Su biyun babu wanda ya yi asarar ko sisi. Mai asarar shi ne mutumin da ke hura wuta a ƙofar silimar tun la'asar sakaliya, shi kuwa ban taɓa jin ɗan jarida ya je ya tambaye shi yaya ya kwana ba.

Kano ta daɗe da silima, ta kuma daɗe da ƙyamarta. A 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, harkar kuma a hannun Kwarori take. A 1951 gobara ta tashi a El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum fiye da 300 suka mutu, jama'a da yawa suka ce ishara ce ga mai hankali. Da aka zo kafa Palace a Jakara, cikin birni, sai da aka kai ruwa rana da malamai da dattawan unguwa. Duk da haka gidajen suka yi ta ƙaruwa: Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, El Dorado, Marhaba can wajen Farm Centre.

Abin da 'yan baya ba su sani ba shi ne yawancin gidajen nan ba su da rufi. Fili ne da katanga da allo, saboda haka ba a haska fim sai duhu ya shiga sosai. A nan sirrin cinikin yake. Kwari da Kurmi da kasuwar Sabon Gari duk sun watse tun magariba, leburori da yaran shago sun karɓi sallamarsu, ga canji a aljihu, ga dare miƙaƙƙe. Silima ce ke tara ɗaruruwansu wuri ɗaya, kullum, a lokaci ɗaya. Mai sana'a ba ya buƙatar komai da ya wuce wannan: ya san mutane za su zo, ya san yaushe.

Ciniki kuwa zubi biyu ne. Na farko kafin a shiga, lokacin da ake layin tikiti ana kallon fasta, ana sayen rake da gyaɗa da dafaffen ƙwai da goro. Na biyu bayan an tashi, shi ne na mai shayi da mai tsire, domin wanda ya yi awa uku yana kallon fim ɗin Indiya da yunwa yake fitowa. A bayan kowane tebur kuma akwai mutanen da ba su taɓa leƙa cikin silimar ba. Mai shayi yana karɓar biredi a gidan biredi bashi, ya biya da safe. Ɗan garuwa ya kawo masa ruwa, mai itace ya sauke masa dami, almajiri ya wanke kofuna ya samu na kalaci. Mai tsire ya riga ya yi magana da mahauci tun hantsi. Ga mai gadin kekuna da 'yan lambobinsa, ga mai faci a gefensa yana jiran wanda tayarsa ta sace, ga 'yan tasi, daga baya 'yan acaɓa, sun jeru suna jiran a tashi. Daren Juma'a da ranakun Sallah kuwa, har matar aure da ke cikin kulle tana da rabo, domin ƙosanta da alalarta da zoɓonta a ƙofar nan suke ƙarewa. Silima kamar tsohuwar ceɗiya ce a bakin hanya: mai ita daban, masu cin kasuwa a gindinta daban.

Na ga yadda ta kusa da unguwarmu ta mutu, ba zan kama sunanta ba. Ba a yi sanarwa ba, kwaɗo kawai aka gani a ƙofa. Masu tebur suka ci gaba da fitowa na ɗan lokaci, wai ko gyara ake yi. Mai tsire ne ya fara tashi, domin nama ba ya kwana, ya koma bakin tasha inda ya tarar da waɗanda suka riga shi. Mai shayi ya rage biredi, ya rage ƙwai, har gidan biredin ya daina ba shi bashi. Da injin silimar ya daina tashi, fitilar da ke haska layin ta tafi da shi, mai tireda ya koma rufewa da isha'i. Layin da a da mace za ta iya aiken yaro ƙarfe goma ya zama wurin da babba ma yake sauri in zai wuce. 'Yan iskan da aka yi murnar an kora kuwa ba su je ko'ina ba, sun dai samu duhu.

Daga baya aka rushe ginin aka jera shaguna hawa biyu. Nan ne ake ce mini, to ai ga aikin yi ya ƙaru. Da rana, haka ne. Amma shagon da sai ka ajiye kuɗin haya na shekara kafin a ba ka makulli ba na mai shayi ba ne. Waɗanda suka shiga wasu ne daban, masu jari, kuma da magariba suke ja ƙofa su tafi. Wanda ya shekara ashirin yana sana'a a bakin wurin, yanzu mai gadi ne ke ce masa, "Baba, maigida ya ce a janye teburin nan."

Ban ga laifin masu gidajen ba. Tun da aka fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990 kaset ya shiga ɗakuna, kallo ya koma gida. Aka ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, dokoki suka ƙara tsauri. Hare-haren Janairun 2012 suka kawo dokar hana fita, aka hana acaɓa a 2013, sannan waya ta zo ta ƙarasa sauran: yau da 'yan canji kaɗan za a tura maka Indiya-Hausa har sai wayarka ta cika. Fili a Fagge kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da tikiti zai tara. Ko ni ne da gidan, da wuya in ƙi tayi.

Ba kuma ina cewa silima wurin ibada ba ce. An sha wiwi a ciki, an yi sane, 'yan daba sun yi faɗa, uba na gari ba ya son a ce an ga ɗansa a can. Wannan ne ya sa Sabo Bakin Zuwo, a 'yan watannin da ya yi yana gwamna a 1983, ya rufe Palace, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Amma a duba abin da ya yi da ginin: asibiti ya mayar da shi. Asibiti kuwa ba ya barci. Mai jinya yana neman ruwan zafi da shayi cikin dare, ana neman kyamis, ana neman abin hawa. Ko da niyya ya yi ko dacewa ce, ya kawar da abin da unguwa ba ta so, ya sa abin da zai ci gaba da kawo ƙafa. Mutumin da ake yawan yi wa dariya a kan Turancinsa ya fahimci abin da masu digiri a tsara birane suka kasa fahimta.

Silimar zamani ba ta toshe wannan giɓin ba. Wadda aka buɗe a Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a cikin katanga aka yi ta, gugguru da lemonta a ciki aka riƙa sayarwa, mai rake bai samu hanyar kusantar ƙofa ba. Magadan gaskiya na tsohuwar silima su ne gidajen kallon ƙwallo. Je ka ƙofar ɗaya daren da Barcelona ko Arsenal ke wasa, za ka ga mai indomi da mai awara da mai cajin waya, kamar dai jiya. Su ma kullum a tsorace suke. Da an yi rigima ɗaya sai a fara kiran a rufe su, ga dokar 2022 da ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare ta riga ta rage musu masu zuwa daga nesa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ƙananan hukumomi ba za su ce ba su san mutanen nan ba, tunda yaransu na bi tebur-tebur suna yankar musu rasit. Wanda ka san shi ranar karɓar haraji, ka san shi ranar da za a tashe shi. Roƙona ga hukumar tsara birane ta KNUPDA shi ne, kafin ta sa hannu a mayar da wurin taruwar jama'a shaguna ko sito, ta sa sharaɗin a ware 'yan rumfuna a gaba da haya ta wata-wata, a fara ba waɗanda aka tarar a wurin, a kuma bar fitila a kunne har dare ya raba. Inda kuma hukuma ce da kanta za ta rufe wuri saboda tarbiyya, ta gaya mana abin da za ta sa a madadinsa kafin ta kawo kwaɗo.