Kaifin Kafso Yana Dakushewa a Ɗakin Shan Magani

A ƙananan asibitoci da yawa na Arewa, wanda ya je da zazzaɓi kusan ya san amsar da zai fito da ita tun kafin a ɗebi jininsa: maleriya da taifot. A rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro, a ɗora da Cipro, idan aljihunsa da ɗan nauyi a haɗa masa da allurar ceftriaxone. Gwajin Widal da ake kafa hujja da shi kuwa, masana sun daɗe da sanin rauninsa. Yakan nuna alamar taifot a jinin wanda ya yi cutar tun da daɗewa, ko wanda wani zazzaɓin daban ke damunsa, har da maleriyar kanta. Ta haka mutane masu ɗimbin yawa ke shan maganin cutar da ba su da ita.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin magani ba. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ƙwayoyin bakteriya masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, har su koya wa wasu jinsin dabarar tsira. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan haka tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki shan wahala. Mai son ganin inda hanyar ta nufa ya dubi Pakistan. A 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a Hyderabad ta lardin Sindh wanda ya bijire wa Cipro da ceftriaxone da tsofaffin magungunan da aka saba ba wa masu cutar. A cikin na haɗiya, azithromycin kaɗai ya rage.

An fi son ɗora laifin a kan jama'a, wai suna shan magani barkatai. Akwai gaskiya a ciki: ga masu sayen kafso biyu na "ja da yalo" don ciwon ciki, ga masu shan Ampiclox wai don wanke jini, ga haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda. Amma a wurin wa aka koyi cewa kowace mura sai da kafso? A takardar asibiti aka gani. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su. Gudawar yaro da babu jini a cikinta, ruwan gishiri da sukari take buƙata da zinc na kwana 10 zuwa 14, amma Flagyl ne ke fara zuwa bakin alƙalami.

Shi ma ma'aikacin lafiyar ana iya fahimtar halin da yake ciki. Layi ya cika, babu ɗakin gwajin kirki, ga uwa ta biya kuɗin acaɓa daga ƙauye. Idan ya sallame ta da shawara kawai, za ta ce wannan likitan bai san aiki ba, ta zarce kemis. Rubuta Amoxil ya fi yi mata bayani sauri. A inda kuma cinikin magani ne ke riƙe da asibitin, sai a ce ba a magana.

Wa'azi kaɗai ba zai sauya wannan ba, sai an sa wa ma'aikacin wani abu a hannu. Tailan ta gane haka. A 2007 ta fara wani shiri a lardin Saraburi wanda ya tsaya kan abubuwa uku kacal: mura da ciwon maƙogwaro, gudawa, da ƙaramin rauni. An horar da ma'aikata, an tanadi magungunan rage raɗaɗi, har da na gargajiya da hukuma ta amince da su, don kada majinyaci ya fita hannu rabbana. Ingila kuwa wasiƙa ta aika. A 2014 babbar jami'ar lafiyar ƙasar, Sally Davies, ta rubuta wa likitocin unguwa da suka fi yawan rubuta antibayotik cewa sun zarce kashi 80 cikin ɗari na takwarorinsu na yankin. Cikin wata shida rubutun ya ragu da kashi 3.3 cikin ɗari, sama da takardun magani 73,000, da kuɗin kan sarki kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku tun 2017: na farawa da su, na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar da komai ya gagara. Amoxicillin yana gidan farko, Cipro da ceftriaxone suna na biyu. A Satumbar 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince cewa kafin 2030, aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik da mutane ke sha ya zama daga gidan farko. Nijeriya tana da tsarinta na ƙasa ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC tun 2017. Abin da ya rage shi ne hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi su riƙa ƙirga takardun kowane asibiti duk wata, su nuna wa kowa matsayinsa a cikin takwarorinsa.

Kada dai a tsorata ma'aikaci har ya hana mai buƙata. Ciwon huhu na kashe yara da yawa a Arewa saboda rashin samun amoxicillin a kan lokaci. Bambance shi da mura ba ya buƙatar na'ura mai tsada, agogo ya isa: yaro mai tari ɗan wata 2 zuwa 11 da numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, a ba shi maganin nan take, a kuma nuna wa uwarsa yadda za ta ba shi har ya ƙare.