Cutar "Sai Gobe": Darasi Daga Ƙissar Ka'abu Ɗan Malik

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata cuta da malamai suke kira taswifi, daga kalmar Larabci "saufa" wadda ake jingina aiki da ita ga lokaci mai zuwa. Mu kuwa a Hausa "sai gobe" muke ce mata. Jama'a da yawa suna zaton cewa malalaci da mai raunin imani kaɗai take kamawa. Ƙissar Ka'abu ɗan Malik (RA), wadda Buhari da Muslim suka ruwaito, ta isa ta rushe wannan zato.

A watan Rajab na shekara ta 9 bayan Hijira, wato 630 Miladiyya, Manzon Allah (SAW) ya umarci Musulmi da shirin fita Tabuka, tafiyar da ta kusa kilomita 700 daga Madina, a lokacin tsananin zafi, ga dabino ya nuna, ga inuwa ta yi daɗi. Ka'abu ba munafuki ba ne. Yana cikin waɗanda suka yi mubaya'a a daren Aƙaba, kuma yana cikin mawaƙan da suke kare Musulunci da harshensu. Ba talauci ne ya hana shi ba, domin shi da kansa ya shaida cewa bai taɓa mallakar abin hawa biyu ba sai a wannan karo. Abin da ya faru kawai shi ne, kullum yakan fita da safe da nufin yin shiri, ya dawo bai ƙulla komai ba, yana gaya wa ransa cewa ai yana da iko, duk sa'ad da ya ga dama zai gama. Runduna ta tashi, ya ce zai cim mata. Haka kwanaki suka shuɗe har aka isa Tabuka yana Madina.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari. Ikon da yake da shi, shi ne ya yaudare shi. Wanda ba shi da raƙumi ya san dole ya tashi da wuri ya nemo. Mai raƙuma biyu kuwa sai ya miƙe ƙafa. Kuma babu ranar da Ka'abu ya zauna ya yanke shawarar ƙin fita. Jinkirin yini guda ne, aka maimaita shi, har ya zama saɓo. Sakamakonsa shi ne ƙauracewar kwana 50 gare shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, ba mai amsa musu ko sallama, kafin Allah Ya saukar da karɓar tubansu a aya ta 118 cikin Suratut Tauba.

To, idan wannan ya sami Sahabi, ina ga mu? Ɗalibi ya sayi Bulugul Marami shekara uku ke nan, yana jiran ranar da zai sami sarari. Mai bashi yana da abin biya a aljihu, amma kullum uzuri. Mafi muni, magada su bar dukiyar mamaci shekara goma ba a raba ba, har wasu daga cikinsu su rasu, lissafi ya rikice, haƙƙin marayu da mata ya narke a hannun babban wa. Abin takaici kuma, mun mayar da "in sha Allahu" mayafin wannan hali. Kalma ce ta mai azama da yake miƙa al'amarinsa ga Ubangiji, amma yau idan tela ko magini ya faɗe ta, mai aiki ya san ya shiga uku.

Magani, a ganinmu, yana cikin abin da muke yi sau biyar kullum. Me ya sa mutumin da ya kasa karanta shafi guda a wata bai kasa sallar Azahar ba? Domin an yanka mata lokaci sananne da adadi sananne, kuma akwai jama'ar da za su lura idan ba ya cikin sahu. Duk aikin da aka ba shi waɗannan abubuwa uku zai tafi. Wanda aka bar wa "idan na sami lokaci" ba zai motsa ba. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, kowane juzu'i kimanin shafi 20. Wanda ya lazimci shafi 4 bayan kowace farilla zai sauke Alƙur'ani a wata guda, ba tare da ya rufe shagonsa ba. Sharaɗin dai shi ne wayar hannu ta zauna a aljihu har a rufe Mus'hafi.

Da irin wannan tsari magabata suka yi abin da muke mamaki. Imamu Nawawi ya rasu a shekara ta 676 Hijiriyya yana da shekara 45 kacal, ya bar Riyadus Salihina da Arba'una Hadisi da sharhin Sahihu Muslim, kuma an ruwaito cewa a farkon karatunsa a Dimashƙa darasi 12 yake ɗauka kowace rana. Duk da haka ajali ya riske shi bai kammala Al-Majmu'u ba.

Saboda haka muna kira ga limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da su daina tashi daga taro a kan "za a duba". A rubuta sunan wanda zai yi aikin da ranar da zai kawo shi, a karanta a zama na gaba. Iyalan da suke da gādo a ƙasa kuwa, su sa ranar zuwa wurin malami ko alƙali tun kafin masu ta'aziyya su watse.