Baƙin Gilashin Mota: Hannun Mai Mota Ko Hannun Mai Sana'a?

Duk shekara idan bazara ta kama, rana ta fara dukan ƙasa tun da hantsi, sai kasuwar masu liƙa wa gilasan mota baƙar leda ta buɗe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, duk wanda ya ajiye motarsa a rana na awa biyu ya san abin da yake tararwa: sitiyari ba ya taɓuwa, kujera tana ƙuna, iskar ciki kamar ta bakin tanda. Don haka ba laifi ba ne mutum ya nemi inuwa. A makon jiya wani tsohon ɗalibina, wanda Allah ya hore wa motarsa ta farko, ya aiko mini da tambaya: "Malam, in sayo ledar in liƙa da kaina, ko in kai wa masu sana'ar?" Na yi masa alƙawarin amsa a wannan fili, domin amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, kuma domin ni kaina na taɓa ɗanɗana kuɗata a kan wannan batu.

Shekarun baya, a ƙarshen hunturu, hazo bai gama wucewa ba, na tambayi wani matashi mai wannan sana'a kuɗin aikinsa. Da ya faɗa, sai na ga ya yi yawa. Na koma gida na kalli bidiyo uku ko huɗu a YouTube, na ga Turawa suna shimfiɗa leda a jikin gilashi cikin 'yan mintuna kamar ana shafa man shanu a biredi. Na ce a raina, mutumin da ya rubuta kundin digiri na uku ai liƙa leda ba za ta gagare shi ba. Na sayo naɗin leda a kan abin da bai kai rabin kuɗin matashin ba, na tanadi reza da ruwan sabulu da tsohon katin banki, na ari na'urar busar da gashi ta uwargida, na jawo mota ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida.

Hangen Dala ba shiga birni ba. Gilasan gefe sun liƙu, amma da rana ta haska su sai ga ɗigo-ɗigon ƙura a ƙarƙashin ledar kamar an watsa gero. Gilashin baya kuwa ya ƙi ni ƙememe: in na danne ledar a sama ta tattare a ƙasa, in na danne ƙasa ta yi tsaga-tsaga a gefe. Da haushi ya kama ni na sa reza na kankare, ban sani ba ashe na yanke siraran layukan da ke jikin gilashin, waɗanda a motata har da eriyar rediyo a cikinsu. Washegari ƙaramin ɗana ya sauke gilashin ƙofa, gefen ledar ya naɗe. Bayan 'yan watanni abin da ya saura ya koɗe ya koma shunayya. Na koma wurin matashin nan ina sunkuyar da kai. Ya zagaya motar, ya yi murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ai cire wannan ya fi liƙa sabuwa wahala." Na biya kuɗin cirewa, na biya na liƙawa, rediyon kuwa har na sayar da motar bai daina shashshaka ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ranar na zauna a kan benci na kalli aikinsa daga farko har ƙarshe, kuma a nan na gane abin da bidiyo ba ya nunawa. Abu na farko shi ne wuri. Bai taɓa ledar ba sai da ya shigar da motar cikin rumfa mai rufi, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya wanke kowane gilashi sau da yawa har cikin robar da gilashin yake shigewa. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga tsakanin leda da gilashi ta zauna ke nan, kuma a ƙasarmu ƙura ba baƙuwa ba ce. Abu na biyu shi ne lanƙwasa. Leda shimfiɗaɗɗiya ce, gilashin baya kuwa yana da doro ta fuska biyu. Sai ya shimfiɗa ledar ta waje, ya bi ta da na'urar hura zafi a hankali har ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin, ya yanke daidai, sa'an nan ya ɗauke ta ya liƙa ta ciki. Zafin idan ya yi kaɗan ledar ba ta tsukewa, idan ya yi yawa ta ƙone; babu littafin da zai koya wa hannu wannan ma'auni sai maimaici. Abu na uku shi ne gargaɗin da ya yi mini: kada a sauke gilasan sai bayan kwana uku zuwa biyar, har ruwan da ke ƙarƙashi ya bushe, kuma kada a goge su da abu mai kaushi ko ruwan goge gilashi mai ƙarfin sinadari.

To, sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar an miƙa wa mai sana'a makulli an huta. Da yawa daga cikin masu wannan aiki a bakin kasuwanninmu sun ƙware a hannu, amma ba su san halin ledar da suke liƙawa ba. Tambaya ɗaya suke yi maka: "Mai duhu sosai ko mai sauƙi?" Alhali duhu daban, tare zafi daban. Kusan rabin zafin da rana take aikowa yana zuwa ne ta wani haske da ido ba ya gani, wanda masana suke kira infrared. Leda mafi araha, wadda rini kawai aka yi mata, tana rage hasken da ido yake gani, ta ba ka duhu, amma kaɗan take tarewa daga wancan zafi, kuma ita ce take koɗewa ta koma shunayya. Akwai mai ƙwayoyin ƙarfe a jikinta, wadda take mayar da zafi sosai, amma takan raunana sabis ɗin waya da na rediyo a cikin mota. Akwai ta kabon, wadda ba ta saurin koɗewa. Sai kuma ta siramik, mafi tsada, wadda take iya tare zafi mai yawa alhali tana da haske har a ga fuskar direba. Ma'ana, mai neman sanyi ba dole ne ya sayi duhu ba. Mutane da yawa sun biya kuɗi sun mayar da motarsu kogo, suna ci gaba da gumi a ciki.

Haka kuma kowace leda tana da lamba da take nuna kashi nawa cikin ɗari na haske take bari ya wuce. Mai lamba 70 kusan fara ce. Mai 35 matsakaiciya ce. Mai 5 kuwa ita ce baƙa ƙirin irin ta motocin manya. Wannan lamba ita ce ya kamata mai mota ya tambaya kafin ya tambayi farashi. A Ingila, alal misali, doka ta ce gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 na haske ya wuce, gilasan ƙofofin gaba kuma kashi 70. Ba don ado suka sa wannan iyaka ba. Don idon direba ne da daddare.

A nan ne batun ya tashi daga na aljihu ya koma na rai. Mu dubi hanyoyinmu bayan sallar isha: unguwanni da yawa babu fitilun titi, ga ɗan acaɓa ba fitilar baya, ga Adaidaita Sahu yana fitowa daga lungu, ga mai tura ruwa, ga yaro yana tsallakawa da gudu, ga shanu a kan babbar hanya. Direban da ya rufe gilasan gefensa da leda mai barin kashi 5 na haske ya rage wa kansa gani ta madubin gefe da kuma a mahaɗar hanya, inda kallo ɗaya yake raba tsira da haɗari. Shi ya sa kake ganin wasu suna sauke gilashi kafin su yi kwana ko su ja da baya da dare. Da kansu sun shaida cewa ba sa gani. Wanda ya liƙa da hannunsa ya ƙara wa kansa matsala ta biyu, domin kumfa da tattarar leda suna warwatsa hasken fitilar motar da ke tafe, su dame ido. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sai kuma hukuma. Tun 1991, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, akwai dokar da ta hana a duhunta gilashin mota ta yadda ba za a ga na ciki ba, sai da izinin 'yan sanda bisa dalili na lafiya ko na tsaro. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alƙali Baba ya dakatar da bayar da takardar izinin. A 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dawo da ita, ana nema ta intanet ana biyan kuɗi, abin da ya sa Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu, har aka jingine tilastawar a watan Oktoban shekarar. Hujjar 'yan sanda sananniya ce: masu garkuwa da mutane da 'yan fashi suna fakewa da baƙin gilashi. Hujjar masu suka ita ma tana da nauyi: motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka da Turai sun zo da gilasan baya masu duhu tun daga masana'anta, duhun a cikin gilashin yake ba leda ba ce da za a ɓare, kuma shingen hanya yakan zama wurin tatsar talaka. Ko wane ɓangare mutum ya fi karkata, abu ɗaya tabbas ne: ɗan sandan da ya tsayar da kai ba zai tambayi wanda ya liƙa ledar ba, kai zai tambaya. Saboda haka a san matsayin doka kafin a sayi leda, ba bayan an liƙa ba.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: me muke ɓoyewa? Wani iyalinsa yake son suturtawa, kuma wannan manufa ce mai kyau. Wani yana da larurar fata ko ta ido. Wani kayansa yake karewa daga idon ɓarawo. Amma mu faɗi gaskiya, a wurin wasunmu baƙin gilashi katanga ce tsakaninsu da mutanen da suka taso tare. A da, mai mota yakan rage gudu a unguwa ya ɗaga hannu, ya rage wa dattijo hanya. Yau sai mota ta wuce majalisa ba a san wa ke ciki ba, shi kuwa yana ganin kowa. Inuwar da take hana sallama, a ganina, ta yi tsada ko da kyauta aka liƙa ta.

Amsata ga ɗalibina ita ce: ka kai wa mai sana'a, amma ka je da iliminka. Ka fara da doka. Ka tambayi irin ledar da lambarta, ka nemi ganin kwalinta. Ka bar gilashin gaba yadda yake, ka zaɓi mai haske ga ƙofofin gaba, ka ajiye mai ɗan duhu ga baya in har ka sami izini. Ka dubi wurin aikinsa: wanda yake liƙa leda a fili a bakin titi, iska tana kaɗa masa ƙura, bai fi ka da komai ba sai saurin hannu. Ka nemi ganin motar da ya yi wa aiki shekara guda da ta wuce, domin kowace leda kyakkyawa ce a ranar farko. Ku yi magana a kan abin da zai faru idan ta ɓare ko ta yi kumfa cikin 'yan watanni. In kuwa sha'awar koyo ce take jan ka, to ka gwada hannunka a kan tagar ɗaki ko tsohon gilashin da aka yar a Ƙofar Ruwa, ba a kan motar da za ka ɗauki iyalinka a cikinta ba. In kuma aljihu bai kai ba, mayafin gilashin gaba da ajiye mota a inuwa suna rage zafi da kuɗi kaɗan, kuma babu shingen da za a tsare ka a kansu. Araha ba ta ado, amma haƙuri ya fi aikin da-na-sani.

Darasin da ya fi zauna mini a rai kuwa ba na leda ba ne. Mu 'yan boko muna da wata cuta ta ganin cewa duk aikin da ake yi da hannu ƙarami ne, kuma duk kuɗin da mai sana'a ya nema ya yi yawa. Muna biyan likita da lauya ba mu yi ciniki ba, amma mu tsaya muna jayayya da wanda ya shafe shekaru yana yi wa ubangidansa hidima kafin a yaye shi. Abin da muke biya ba mintunan da ya ɗauka a kan motarmu ba ne; shekarun da ya ɗauka yana ɓata leda ne har hannunsa ya faɗa. Su ma masu sana'ar akwai nauyi a kansu: su koyi halin kayan da suke sayarwa, su daina kiran kowace leda "orijina", su iya ce wa mai mota, "Alhaji, wannan ta yi duhu da yawa ga ƙofar direba," ko da hakan zai rage musu ciniki. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin masu gyaran mota suna da rawar da za su taka a nan. Ranar da ilimin mai mota ya haɗu da hannun mai sana'a, ranar za mu sami inuwa ba tare da mun sayi duhu ba.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.