Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wasu masana waɗanda aikinsu shi ne duba ƙasusuwan matattu. Idan 'yan sanda suka tsinci ƙwarangwal a daji, su ake kira su faɗi ko wane ne. Ni dai ina jinjina wa wannan ilimi, amma a ganina akwai inda ya kamata ya tsaya.

Ƙashi yana faɗin abubuwa da dama. Ƙashin ƙugun mace ya fi na namiji faɗi saboda haihuwa. Haƙora da gaɓoɓi sukan nuna shekaru, tsawon ƙashin cinya kuwa yakan nuna tsayin mutum. Duk wannan yana taimakon iyalin da ɗansu ya ɓata.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen faɗin asali da kama. Masanin yakan auna faɗin ramin hanci da na ido, ya kwatanta da na wasu mutanen da aka riga aka auna, sannan ya ce wannan ya fi kama da mutanen Afirka ko Turai ko Asiya. Daga nan sai a shafa yumɓu a kan kwafin ƙoƙon kan, a fitar da fuska. To amma launin fata da gashi da siffar kunne da kaurin leɓe ba su zama a ƙashi. Mai ginin ne yake cika su da zato.

Ga misali. A shekarar 1996 wasu samari biyu suka tsinci ƙoƙon kai a bakin Kogin Kolumbiya, kusa da garin Kennewick a Amurka. Masanin da ya fara dubawa, James Chatters, ya ga siffarsa kamar ta Turawa. Da aka gwada ƙashin sai aka tarar mutumin ya mutu kimanin shekara 8,500 da suka wuce, har da tsinin mashi na dutse a ƙugunsa. Fuskar da aka gina masa ta bazu a jaridu, mutane suka yi ta cewa ai Turawa ne suka fara zama a ƙasar.

Ƙabilun 'yan asalin Amurka na yankin kuwa suka ce kakansu ne, a ba su su binne shi, kamar yadda wata doka ta 1990 ta tanada. Masana takwas suka kai ƙara, a 2004 kotu ta ba masanan gaskiya. Sai a 2015 aka binciki ƙwayoyin gadonsa a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, aka ga cewa ya fi kusa da 'yan asalin Amurka a kan kowace al'umma a duniya. A 2017 aka miƙa musu shi suka binne. Ku duba fa, shekara 20 da 'yan kai gawa tana ajiye, saboda an ɗauki kama a matsayin asali.

Wani zai ce, to a daina faɗin asali gaba ɗaya mana. Ban yarda da wannan ba. Ɗan sandan da ke da jerin ɓatattu masu yawa yana bukatar abin da zai rage masa nema. Amma idan aka gaya masa kuskure da ƙarfin murya, zai tsallake sunan da ya kamata ya duba, uwa ta ci gaba da zuba ido a hanya.

Saboda haka shawarata ita ce, masani ya ce "mai yiwuwa" a inda bai tabbatar ba, kuma a gwada ƙwayoyin gado tukuna kafin a yanke hukunci. Mu kuma masu karatu, idan muka ga hoton fuskar wani mutumin dā a jarida, mu tambayi kanmu: wanne ƙashi ya faɗa, wanne kuma mai yumɓu ya ƙara? Ko a ajinmu, sau nawa muke kallon fuskar ɗalibi mu laƙa masa ƙabila, alhali ba tasa ba ce? In mai rai da namansa yana ruɗa mu, ina ga ƙashi?