Raddi ga Masu Cewa Kumburin Ƙwaƙwalwa Sharri Ne Zalla

Idan kai ya bugu, a haɗarin babur ne ko faɗowa daga bene, ɓarnar ba ta ƙarewa a lokacin bugun. Ƙwayoyin da suka fashe sukan zubar da abin da ke cikinsu, sai maikirogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa, su farga su saki sinadaran saƙo irin su IL-1 da TNF. Cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini sun kutso ta katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Wasu suka ce wannan yunƙuri na garkuwar jiki illa ce tsantsa, a danne shi baki ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce magungunan siteroyid suna sauke kumburin da ke kewaye da ƙari a ƙwaƙwalwa. Haka ne, amma ƙiyasin bai zauna ba. Kumburin ƙari ruwa ne da ke tsattsafowa daga jijiyoyin jini. Na bugun kai kuwa, kaso mai yawa nasa ƙwayoyin ne da kansu ke cika da ruwa saboda ƙarfinsu ya ƙare. Gwajin CRASH, wanda mujallar Lancet ta buga a 2004, ya raba gardama. An gwada majiyyata 10,008 masu bugun kai. Cikin mako biyu, kusan kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka ba siteroyid sun rasu, alhali a waɗanda ba a ba su ba kashi 18 ne. Dole aka dakatar da ɗibar majiyyata.

Sun kuma ce TNF yana kashe ƙwayoyin jijiya. Yana yi, a kwanakin farko. Sai dai ɓerayen da aka halitta ba su da TNF, ko da yake sun fi sauƙi da fari bayan bugun kai, bayan makonni sun fi sauran nakasa. Su maikirogiliya ɗin ne ma ke kwashe matattun ƙwayoyi kafin gyara ya kankama.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce daɗewar kumburin. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa a Landan a 2011 ya tarar da maikirogiliya a tashe har shekara 17 bayan rauni. Wannan ba a musa shi ba, amma samun su a wurin bai tabbatar da cewa su ne masu laifi ba. Da aka kwantar da su da maganin minosaikilin a wani ƙaramin gwaji na 2018, sai alamar lalacewar jijiya a cikin jini ta ƙaru maimakon ta ragu.